Kuɗin likitan 'ya'yan mage a Legas: ina mai ƙaramin ƙarfi zai nufa?

Maman Hanifa (Agege):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Magen gidanmu ta haifi 'ya'ya uku a bayan tankin ruwa, suna cikin sati na shida mota ta take uwar a bakin titi. Yanzu riƙonsu ya dawo hannuna. Ɗaya daga ciki, baƙar, idonta na ta kwantsa, in gari ya waye sai na sa auduga da ruwan ɗumi kafin ya buɗu. Cikinta ya kumbura, amma in ka shafa bayanta ƙashi kawai kake ji. Jiya na zuba su a kwando na kai wani asibitin dabbobi wajen Ikeja. Tun kafin a taɓa su aka ce kati dubu 10 kowace, allurar rigakafi dubu 25 kowace, kuma sai an sake komawa. Ga maganin tsutsa, ga na ido. Da na haɗa lissafi na ga zuwan farko kaɗai ya haura dubu 100, sai na ɗauki kwandona na fito. Maigida direba ne, ni kuma ɗinki nake yi. Haka farashin yake ko'ina? Kuma cikin abubuwan da suka lissafa, wanne ne dole, wanne ne zai iya jira?

Alhaji Sani (Mile 12):
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da ladan riƙo. Ni dai shekara da shekaru ina ajiye maguna a siton albasa saboda ɓera, ban taɓa kai ko ɗaya asibiti ba. Mage dabba ce mai taurin rai. Ki dama musu madara, ki riƙa ba su kan kifi, za su tashi da yardar Allah. Dubu 100 fa, Hajiya! Mafi ƙarancin albashi a jihar nan dubu 85 ne.

Malam Ɗanjuma (Alaba Rago):
Hajiya ki kawo su nan kara. Akwai yaron da ke yi wa tumakinmu allurar tsutsa da ta ƙaiƙayi, hannunsa na da kyau, kuma ba zai karɓi fiye da kuɗin maganinsa ba. Waɗancan na Ikeja kuɗin esi da gilashi ake biya.

Anti Rabi (Idi-Araba):
Maman Hanifa don girman Allah kar ki kai su wajen mai allurar tumaki. Malam Ɗanjuma ka yi haƙuri, ba raina yaronku na yi ba, amma rago mai kilo 30 da 'yar magen da ba ta kai rabin kilo ba ba aiki ɗaya ba ne. A gidan da muke haya, wani mai yawo da jaka yana cewa shi malamin dabbobi ne ya yi wa 'yar magen maƙwabciyata allura, da sirinjin da yake yi wa awaki. Ko awo bai yi mata ba, ya zuƙa da ido kawai. Kafin la'asar ta fara tangaɗi, yawu na dalala, idanun sun buɗe warwar ba ta ganin komai. Ina tsaye a kanta ta cika bayan isha'i. Aka kira lambarsa, a kashe. Har yau yarinyar gidan in ta ga mage sai ta yi hawaye.

Sannan tunda ni ma'aikaciyar jinya ce bari in faɗi wannan da babbar murya: kar wanda ya ba mage farasitamol. Ko rabin ƙwaya, ko na ruwa na yara. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Mutanenmu da yawa da kyakkyawar niyya suke kashe su.

Bashir (Obalende):
Ni fa gaskiya abin nan na ba ni mamaki. Ku zo ƙarƙashin gadar Obalende da dare ku ga 'yan'uwanmu da suka zo ci-rani suna kwana a kan kwali, wani tun safe bai sa komai a cikinsa ba. A ce ana maganar dubu 100 a kan kyanwa? Wallahi ko dubu 10 ce ni na fi so a kai wa marayu. Wannan al'adar Turawa ce muke ɗauko wa kanmu.

Malam Habu (Zango, Agege):
Bashir, tausayin da kake wa mutanen ƙarƙashin gada abin yabo ne, Allah ya saka. Amma kar ka ce kula da mage al'adar Turawa ce. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim. An tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko akwai lada a kan dabbobi, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, laƙabinsa daga 'yar mage ya samo shi. Ba wanda ya ce baiwar Allah nan ta hana 'ya'yanta abinci ta kai wa likita. Ita ma ba haka ta tambaya ba. Cewa ta yi ina mai sauƙi, kuma wanne ne dole. Uwarsu ta mutu a ƙofarta, amanar ta faɗo hannunta, iya ƙarfinta za a tambaye ta.

Bashir (Obalende):
Na ji Malam, ban musa hadisi ba. Ciyarwa daban, allurar dubu 25 daban. Iyayenmu a Funtuwa da wace allura suka riƙe nasu?

Dakta Zainab:
Salamu alaikum. Ni likitar dabbobi ce, a Zariya na yi karatu, a nan Legas nake aiki. Zan yi bayani dalla-dalla, wanda ya gaji ya yi haƙuri.

Yaya Maman Hanifa, abu na farko da zai kwantar miki da hankali: ba a biyan waɗannan abubuwa rana ɗaya, kuma ma bai kamata a yi su rana ɗaya ba. Ba a yi wa dabba mara lafiya rigakafi. Baƙar nan mai kwantsa da kumburin ciki, ko kin zo da kuɗin a hannu ni ba zan yi mata allura yau ba, sai ta warware. Don haka abin da ke gabanki a satin nan guda uku ne kawai: a duba su, a ba su maganin tsutsa daidai nauyinsu, a ba baƙar maganin ido. Wannan shi ne mafi araha a duk lissafin da aka yi miki, kuma shi ne mafi gaggawa. Kumburin ciki da rama a wannan shekarun galibi tsutsa ce, suna samunta tun daga nonon uwa. Ana maimaita maganin bayan sati biyu-biyu har su kai wata uku, daga nan wata-wata har wata shida.

Rigakafin da aka ce miki dubu 25, allura ce guda mai kare cututtuka uku. Biyu murar maguna ce, mai toshe hanci da lalata ido. Ta ukun ita ce abin tsoro, ana ce mata fanlukofeniya: amai, zawo mai wari, 'yar mage ta tsuguna a gaban kwanon ruwa ta kasa sha, cikin kwana biyu ko uku ta tafi. Ƙwayar cutar na iya kai shekara a daɓen ɗaki da kwanuka, ana kuma shigo da ita a tafin takalmi, shi ya sa ko magen da ba ta fita ba ta tsira ba. Ƙa'ida ita ce a fara tsakanin sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4 har su kai sati 16. Dalilin maimaitawar ba neman kuɗi ba ne. Kariyar da suka tsotsa daga uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma ba a san ranar da za ta ƙare a jikin kowace ba, sai dai an san galibi zuwa sati 16 ta ƙare. Saboda haka in aljihu ba zai ɗauki uku ba, ki gaya wa likita gaskiya, a tsara miki biyu: ɗaya in sun warware, ɗaya bayan sun cika sati 16. Ta ƙarshen nan kar ki yarda ta wuce ki. Kafin nan kuma a tsare su a ɗaki, kar su haɗu da magunan unguwa.

Allurar haukan kare daga wata uku ake yi. Ita wannan don 'ya'yanki ne kafin don magen.

Dakta Zainab:
Alhaji Sani, ranka ya daɗe, madarar shanu da ta gwangwani zawo take sa su, kuma zawo ga ɗan abin da bai kai kilo ba mutuwa ce a kusa. A sati shida sun isa cin abinci mai laushi: dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya tsaf, dafaffiyar kaza, dafaffen ƙwai, ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa, don albasa tana fasa musu ƙwayoyin jini. Kifi zalla kuma ba ya wadatarwa, in da hali a haɗa da abincin 'ya'yan mage na leda ko kaɗan ne. Yaya ki nemi ƙaramin sikeli ki riƙa ɗora su duk sati. Lafiyayya tana ƙara kusan giram 100 a sati. Wadda ta tsaya cik ko ta ragu, ita ce za ki fara kaiwa.

Alhaji Sani (Mile 12):
Likita tsaya. Wannan da kika ce ta tsuguna a gaban ruwa ta kasa sha, wallahi na gani da idona. Akwai daminar da maguna biyu suka haihu a sito, cikin sati ɗaya 'ya'yan suka ƙare kaf, da amai rawaya. Yara suka ce gubar ɓera wani ya zuba. Bayan 'yan watanni aka kawo mini wata ƙarama daga Ketu, ita ma ba ta yi sati biyu ba. Ke nan cutar ce ta zauna a wurin?

Dakta Zainab:
Ba zan yanke hukunci a kan abin da ban duba ba Alhaji, amma yadda ka kwatanta ya yi kama da ita sosai, musamman mutuwar wadda aka kawo daga baya. Sabulu da Dettol ba sa kashe ta. Bilic da aka surka da ruwa ne ke kashe ta, a wanke daɓe da kwanuka, a bar shi ya ɗan jima kafin a ɗauraye, tsummokara kuma a ƙone. Kuma tunda na ambaci Dettol, shi da Izal guba ne ga mage, tana taka shi ta lashe ƙafarta. Haka Sniper da fiya-fiya, haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin. Na sha karɓar maguna suna karkarwa saboda an ɗiga musu na kare a ƙeya.

Wannan ce ma amsar Bashir. Iyayenmu sun riƙe maguna ba allura, gaskiya ne, amma ba wanda ke ƙirga 'ya'yan da suka mutu a bayan rumbu. Waɗanda suka rayu kaɗai muke tunawa.

Hajiya Ladi (Ajah):
Bari in ɗan kare masu asibiti, don naga an fara mai da su ɓarayi. Ni tawa ban yi mata rigakafi da wuri ba saboda wanda ya ba ni ita ya ce an yi, ashe ba a yi ba. Da ta kwanta, sai da aka kwantar da ita ana ƙarin ruwa ta wata 'yar jijiya a hannu da ko ganinta da ƙyar nake yi, an aske wurin an naɗe da filasta. Abin da na biya ya ninka kuɗin allurar sau da yawa, kuma ban ji haushi ba, don na ga wata yarinya ta kwana a zaune tana duba ta. Janareta bai mutu ba duk daren. Dizal nawa ne yanzu? Hayar shago a Lekki nawa ce? Su ma fa iyali gare su.

Maman Hanifa (Agege):
Hajiya ban ce ɓarayi ba ne wallahi, sun karɓe ni da mutunci. Ƙarfina ne bai kai ba. Dakta na gode, Allah ya saka da alheri, yanzu na fara numfashi. Amma kati fa? Dole sai kowace da nata?

Dakta Zainab:
Kowace tana bukatar katin rigakafinta, inda za a rubuta abin da aka yi mata. Amma kuɗin ganin likita abin magana ne. 'Ya'yan ciki ɗaya da aka kawo a kwando ɗaya, wurare da dama za su duba su a kan kuɗi ɗaya ko su rage, in kin tambaya tun a waya. Matsalar mutanenmu kunya. Sai a ji farashi a yi shiru a fita, alhali da an ce "Likita ga abin da nake da shi, me zai yi mini yau?" da an sami mafita. Mu ma mun fi son haka a kan a tafi a dawo mana da gawa.

Game da tsada, Hajiya Ladi ta faɗi rabi. Sauran rabin dala ce. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, tana yin rigakafin shanu da awaki da kaji da na haukan kare, shi ya sa waɗannan suke da dama-dama. Allurar maguna mai cuta uku kuwa daga waje ake shigo da ita. Kun san inda dala take kafin a saki naira a watan Yunin 2023, ƙasa da 500 a farashin gwamnati, kun kuma san ta haura 1,500 a 2024. Sannan dole kwalbar ta zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga jirgi har zuwa jikin dabba. In ta yi zafi ta lalace, in ta daskare ta lalace, kuma ba za ka gane da ido ba. Don haka duk wanda ya zaro miki rigakafi daga aljihun jaka da rana tsaka a Oshodi ya ce rabin farashi, ruwa kika saya.

Malam Ɗanjuma (Alaba Rago):
To Likita, mu da ba mu yi boko ba, ta yaya za mu gane na gaske? Kowa farar riga yake sawa. Shi yaron namu ma ba ya cewa shi likita ne, kuma tsakani da Allah tumakinmu na jin daɗinsa.

Dakta Zainab:
Malam, wanda ya san iyakarsa ba shi ne matsala ba. Akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi masu takarda da suka ƙware a kan dabbobin kiwo, muna aiki tare da su. Sai dai maganin ƙaiƙayin da yake yi wa tumaki, aibamektin, an haɗa shi ne da ƙarfin manyan dabbobi, abin da 'yar mage za ta ɗauka bai kai ɗigo ba, sirinjin kara ba zai iya auna shi ba. Abin da Anti Rabi ta gani ke nan.

Likitan dabbobi na gaske yana da rajista da VCN, hukumar da ke kula da aikin likitocin dabbobi a Najeriya, yana da lamba, kuma ba ya jin haushi in an tambaye shi ita. Bayan wannan ku lura da aikinsa. Ya ɗora dabbar a sikeli kafin ya zuƙi magani? Ya auna zafin jikinta, ya buɗe baki ya duba dasashi? Daga firij ko kula mai ƙanƙara ya ɗauko kwalbar, ya bari kun ga ranar lalacewarta? Bayan allura, ya ɓare 'yar takardar jikin kwalbar ya manna a kati ya sa hannu da ranar dawowa? Wanda ya yi waɗannan, ko a ɗan shago yake a Ijora, ku riƙe shi. Wanda kuma ya fara da tallar wanka da yankan farce da bitamin da turare kafin ya taɓa dabbar, ku ce a cire waɗannan daga lissafi. Ba haramun ba ne, amma ba su ne lafiya ba.

Ummi (Ketu):
Anti Maman Hanifa, ke da kike Agege ai kusa da gida kike. Akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha a Oko-Oba, wajen mayanka. Can na kai tawa aka duba ta aka ba ta maganin tsutsa, abin da na biya bai kai kuɗin katin da aka ce miki ba. Ki yi sammako, ki kuma tambaya tun farko ko suna da allurar maguna a ƙasa, in babu sai ki yi ta a wani wuri ki bar sauran a can. Sannan gwamnatin Legas kan shirya rigakafin haukan kare kyauta ga karnuka da maguna lokaci-lokaci, a riƙa sa kunne musamman wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Tawa a irin wannan aka yi mata, ko sisi ban biya ba.

Kuma don Allah kar ki sa su a buhu ko leda. Kwando mai murfi ko kwali mai huji, da tsumma a ƙasa. In danfo ya tsaya a gosulo zafi na iya kashe su, gara ki ɗauki keke in hanyar ta ba da dama.

Baban Sadiq (Apapa):
Afuwan zan ɗan karkata. Likita kin ce allurar haukan kare don yara ce. Mage ma tana ɗauka ne? Yarona wata ta bakin tasha ta taɓa cizonsa a yatsa, muka sa masa man zafi kawai.

Dakta Zainab:
Tana ɗauka, duk da yawancin masu kamuwa daga kare suke samu. Duk wanda dabbar da ba a san tarihinta ba ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a nufi asibitin mutane a ranar don allura. Ba a jiran alamu, don in suka bayyana kusan ba a tashi. Kuma cutar na iya yin watanni a ɓoye. In abin bai daɗe ba Baban Sadiq, ka kai shi a duba, kar ka ce ai ya warke.

Hajiya Ladi (Ajah):
Wani kuɗin da ba a ambata ba shi ne na tsayar da haihuwa. Maman Hanifa in akwai mata cikin ukun nan, ki sani nan da 'yan watanni lissafin nan zai dawo sabo, da 'ya'ya huɗu ko biyar.

Malam Ɗanjuma (Alaba Rago):
A'a Hajiya, nan kam ban bi ki ba. A farke cikin dabba a cire mata mahaifa don kawai kar ta dame mu? Ina tausayin da ake ta faɗa tun ɗazu? Wanda ya halicce su shi ke ciyar da su.

Anti Rabi (Idi-Araba):
Malam kai da kake dandaƙe raguna da bajimai? Ka zo bayan layinmu ka ga inda ake zubar da 'ya'yan mage a kwali a bakin kwata, ido bai buɗe ba, ruwan sama na dukansu. A garin nan masu gidaje da yawa ba sa ƙaunar ganin mage, wasu tsoronta ma suke ji, in suka yi yawa sai a ba ka notis ko a zuba musu guba. Wanne ya fi zama rashin tausayi?

Malam Habu (Zango, Agege):
Mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kai, kar mu zafafa. Akwai waɗanda suka karhanta saboda azabtar da dabba da canza halitta. Akwai kuma malaman zamani da suka halatta in yawansu zai jawo cutarwa gare su ko ga mutane, da sharaɗin a yi ba tare da azaba ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ba saɓani a kai shi ne jefar da su a kwata.

Dakta Zainab:
Ta ɓangarenmu, ana sa dabbar barci ne gaba ɗaya, ba ta jin komai, a ba ta maganin ciwo bayan ta farka. Mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma ɗan'uwanta na ciki ɗaya ma zai iya hawanta. Fiɗiyar muzuru aiki ne na mintuna, ya fi araha nesa ba kusa ba, yana kuma rage masa yawo da faɗa da fitsari a bango. Na mace tiyata ce sosai, shi ya sa ya fi tsada, kuma a nan ne ba na son kowa ya bi araha ido rufe. Ku tambayi wa zai yi, da me za a sa ta barci, kuma kuɗin ya haɗa da magani da cire zare ko sai an sake biya. Yaya kina da kusan wata biyu da rabi kafin wannan ya taso, ana iya tarawa a hankali.

Maman Hanifa (Agege):
Na duba yadda Dakta ta kwatanta mini ta waya, mata biyu ne da namiji ɗaya. Mun yi magana da maigida, gobe da safe zai sauke ni Oko-Oba kafin ya wuce aiki. Ukun dai sun fi ƙarfina, in sun warware zan riƙe baƙar, sauran biyun in ba wanda na san zai kula da su.

Bashir (Obalende):
Har yanzu ina kan bakata cewa mutum ne a gaba. Amma in namijin ne, maigidana na neman mage a shago saboda ɓera na cinye masa kaya. Zan yi masa magana, in ya yarda shi zai biya allurarsa.

Dakta Zainab:
Madalla, amma kar a raba su kafin sati takwas, kuma a miƙa shi da katinsa don a san ranar allura ta gaba. A gaya wa maigidan naka mage ba ta rayuwa da ɓera kaɗai, a ajiye masa abinci da ruwa, kuma in zai shigo a kwashe duk gubar ɓeran da ke shagon.

Yaya kafin gobe, in kin ga ɗaya ta ƙi cin abinci tun safe har dare, ko amai ya haɗu da zawo, ko dasashi ya yi fari, ko jikinta ya yi sanyi ta yi laƙwas, kar ki jira wayewar gari. Ki naɗe ta a tsumma tare da gorar ruwan ɗumi, ki shafa mata ɗan ruwan sukari a dasashi, ki kira ni.

Alhaji Sani (Mile 12):
Likita, mu a layinmu kaɗai masu sito da ke da maguna mun kai goma. Ba wanda zai bar kaya ya ɗauki mage ya hau mota. In muka haɗa kuɗi, ana iya zuwa a yi musu a nan kasuwa? Kuma zai fi sauƙi?

Dakta Zainab:
Ana yi Alhaji, kuma yana sauƙi, don kuɗin mota da na zuwa ɗaya ne za ku raba a tsakaninku. Allurar ce dai kowace da kwalbarta. Sharaɗi shi ne a kama su da dare tun ana gobe zan zo a rufe kowace a kwandonta, don magen sito in ta ga baƙo ta haye rufi shi ke nan. A samo ɗaki mai ƙofa da inuwa, a kuma ware marasa lafiya gefe. Ka ƙirga mini manya nawa, ƙanana nawa, da masu ciki in akwai, don su ba a yi musu wannan allurar. Ranar Lahadi da hantsi ta fi mini, lokacin hanyar Ikorodu ba cunkoso.